Langarka Tana Wurina, Moutari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Allah ya karɓi ran Malam Moutari Laouali, tela, mutumin Damagaram, a shagonsa da ke unguwar Goutte d'Or a Paris. Yana zaune a kan kekensa yana kalmasa bakin wando zuciyarsa ta tsaya. Shekarunsa hamsin da bakwai. An yi masa sutura ranar Juma'a a Lyon, inda yayarsa Hajiya Zouera take zaune da iyalinta.

Sunana Uzairu, Bazazzagi ne ni, ina aikin gwajin jini a Saint-Denis. Kowa a unguwa zai ce maka ni maƙwabcin marigayi ne, ƙofata tana kallon tasa a hawa na biyar. Gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Shekara goma sha uku muka yi muna maƙwabtaka, goma sha ɗaya daga ciki muna son juna, so irin na mutum biyu da suka jingina rayuwarsu wuri guda. A gidan makoki mutane kashi biyu ne: akwai waɗanda suke zaune ana yi musu gaisuwa, akwai waɗanda suke shigowa su yi gaisuwa su tafi. Tun daga ranar Talatar nan abin da ya tsaya mini a rai ke nan, ban san a wane kashi nake ba. Na rubuta wannan ne don in faɗi yadda aka yi na sani.

Moutari, bari in juyo gare ka, don da kai na saba magana.

Na tare a gininmu cikin Satumba na 2012, bayan na gama dogon karatuna a Villeurbanne, garin da ke manne da Lyon, na samu aiki. Tsohon gini ne, babu lif, sai matakala mai kewaye. Na yi ta jan akwatin littattafai ina haki ina tsine masa. Da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, sai ga dogon mutum da zare maƙale a kafaɗar rigarsa, riƙe da farar langa mai jajayen furanni, murfinta ya ɗan ɓantare a gefe.

Ka ce, "Salamu alaikum, maƙwabci. Na ji ka a matakala kana zagin akwati da Hausa, na ce wannan namu ne. Ga dambu, ba yawa."

Dambun zogale ne, da ƙuli da albasa da ɗan mai. Na zauna a kan akwatin da na gama zagi na cinye shi tas. Washegari na wanke langar da sabulu, na goge ta har tana ƙyalli, na kai maka ina ganin na yi abin kirki. Ka karɓa, ka ɗaga murfi, ka leƙa, ka kife ta ka girgiza, sannan ka dube ni.

"Malam, mi na yi maka?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Yo langa ta tahi da ciki ta dawo da yunwa? A gidanmu ba a maida kwano wayam. Ko dabino guda ne sai a jefa. Ku Zazzagawa karatun ne ya cinye muku tarbiyya?"

Wallahi kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Ba wai ban sani ba ne. A gidanmu ma da ke Tudun Wada haka ake yi, mahaifiyata ba ta taɓa sallamar kwanon maƙwabta babu komai a ciki ba. Shekara tara a ɗakin ɗalibai, inda kowa yake rubuta sunansa a jikin madararsa, su suka goge mini. Ka miƙo mini ita kana danne dariya, ka ce in riƙe sai na samu abin sawa, ka rufe ƙofarka.

Daga nan langa ta kama zirga-zirga. Na sa tuffa uku, ta dawo da shinkafa da wake. Na sa gwangwanin kifi, ta dawo da tuwo da miyar kuka, har da man shanu. Na ga abin yana neman zama cin fuska, sai na kira mahaifiyata na ce ta koya mini fate. Ta ce, "Uzairu, aure ka yi ba ka gaya mini ba?" Na bi shagunan Château Rouge na haɗo tsaki da yakuwa da gauta da gyaɗa, na tsaya a kan tukunya waya a kunne. Abin da ya fito, in faɗi gaskiya, ko ni ban yarda da shi ba. Ka ci a tsaye a bakin ƙofa, ka suɗe cokali, ka ce gishiri ya yi yawa amma an yi shi da niyya. Tun daga ranar ka hana ni kawo komai sai fate, kuma sai da na shekara kafin ka daina ambaton gishiri.

Ina so waɗanda ba su san ka ba su ji wane ne aka rasa. Ni da nake aiki da injinan da ke ƙirga abin da ido ba ya gani, ban taɓa ganin ido irin naka ba. Mutum zai shigo shago, ku gaisa, ka tambayi mutanen gida, kafin ya zauna ka riga ka san faɗin ƙirjinsa da tsawon hannunsa. Tef ɗin awo yana rataye a wuyanka, amma don hankalin mai kaya ya kwanta kawai kake ɗora masa. Kuma ba jiki kaɗai kake aunawa ba. Sabon zuwa zai shigo neman a rage masa wando, ka gane gobe ne zai je ganawar neman aiki kuma ba shi da kwat. Sai ka shiga ciki ka zaro wata daga cikin waɗanda masu su suka bari, ka ce ta tare maka wuri, ya taimake ka ya raba ka da ita. Cikin awa guda ta zauna masa kamar da ita aka haife shi.

A ƙarƙashin teburin yanka kana ajiye bandir na farin yadi, ba ka taɓa bari ya ƙare ba. Duk wanda ya rasu a unguwa ba shi da kowa, kai kake yanka masa likkafani, ba ka tambayar ɗan wace ƙasa ne. Liman ya taɓa so ya ambace ka a masallaci, ka tare shi a bakin ƙofa ka ce in ya yi haka ka daina. Akwai kuma Madam Kadidiatou, tsohuwa 'yar Mali da ke hawa na uku, wadda gwiwa ta hana sakat. Kowane mako kai kake hau mata da kayan cefane. Da ka lura abin yana yi mata nauyi a rai, sai ka riƙa zuwa da ƙyallaye biyu kana neman shawararta, wai ka rasa wanda zai dace da wani ɗinki. Har yau ta yarda ita ce take taimakonka. Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Ina kallon duk wannan ina mamaki, ina kuma jin wani abu yana girma a raina wanda na daɗe da yanke cewa ni ba zan same shi ba a duniya. Na san kaina tun ina saurayi. Na binne abin, na ɗora karatu a kai, na ce haka zan ƙare. Sai ga shi na koma mai sauraron takun mutum a matakala. Na san naka daban, don kana tsayawa a hawa na huɗu ka yi tari sau ɗaya. In na ji tarin nan sai in ga na miƙe tsaye ba tare da na san abin da zan yi ba.

Ranar babbar Sallah ta 2014, bayan an sauko daga idi, ka ƙwanƙwasa. Langa a hannu ɗaya cike da soyayyen nama, a ɗaya hannun kaftani na shuɗiyar shadda a ninke. Ka ce in gwada. Na shiga ciki na sa, na tsaya gaban madubi. Tun ina yaro na faɗo daga bishiyar mangwaro, kafaɗata ta hagu ta ɗan sauka, kuma duk rigar da na taɓa sawa sai ta zame ta wannan gefen. Babu telan da ya taɓa lura, ni ma na daina lura. Wannan ta zauna daidai. Na fito na ce, "Yaushe ka auna ni?"

Ka ce, "Kafaɗarka ta hagu ta hi ta dama sauka da yatsa guda. Shekara biyu ina bayanka a matakala, Uzairu."

Ran nan ka fara kiran sunana babu Malam. Ka miƙo hannu ka gyara mini wuyan rigar, wanda ba ya buƙatar gyara, da hannun nan da yake zura zare a allura ba tabarau. Hannun bai koma ba. Na ɗora nawa a kai.

Ka ce a hankali, "In kuskure na yi, ka hwaɗa mini. In ɗauki langata in tahi, gobe mu gaisa kamar kullum."

Na ce, "Ba ka yi kuskure ba."

Naman nan sai da ya huce kafin muka tuna da shi. Ina da shekara talatin da tara a lokacin, kai kana da arba'in da shida, mun zauna a ƙasa muna dariya kamar waɗanda aka ba kyautar da ta fi ƙarfinsu. Har yau in na tuna sai in ce, Allah mai iko, duk faɗin Paris, a ce taku uku ne tsakanin ƙofata da taka.

Ba mu taɓa haɗe gida ba. Idon jama'a yana ciki, ba zan ɓoye ba. Amma kai ma ka fi son haka, ka ce in ka shigo wurina kullum baƙo ne kai, kullum ana murna da zuwanka. Kowa yana da makullin ɗan'uwansa. Kofi a wurina da safe, shayi a wurinka da yamma. Ranar Lahadi mu sauka dandalin unguwa mu kalli tsofaffi suna dara, kana raɗa mini wanda zai ci tun kafin a yi nisa. Faɗanmu bai wuce na taga ba, kai kana so a buɗe ko ana sanyi, ni ina bi ina rufewa. Langa kuwa ba ta daina tafiya ba, ko da yake tare muke cin abin da ke ciki. Na taɓa cewa wahalar ta isa haka, tunda tukunyarmu ta zama ɗaya. Ka ce, "A'a. Ranar da ta zauna wuri guda, wani abu ya hwaru."

Asabar ta farko a kowane wata kana hawa jirgin ƙasa ka tafi Lyon wurin Hajiya Zouera, wadda ta goye ka kana jariri. Sau uku na raka ka, a matsayin maƙwabci da ya san gari. A zuwanmu na ƙarshe muka hau tudun Fourvière, ka daɗe kana kallon rufin gidaje, ka ce in ta Allah ta kasance a nan kake so a sa ka, kusa da Yaya, don ita ba za ta iya yawan tafiya ba, ni kuwa ina da ƙafa. Na ce ka daina wannan magana. Ka yi dariya ka saya mini gasasshiyar gurjiya.

Ban zo nan in yi gardama da kowa ba. Na san abin da mutane da yawa za su ce, da shi na tashi, kuma mun sha zama ni da kai mu yi shiru a kansa. Abin da ke tsakaninmu da Ubangijinmu shi ya san shi, shi ne kuma mai hukunci da rahama. Abin da ni na gani da idona shi ne mutum wanda bai taɓa barin sallar asuba ta wuce shi ba, bai taɓa kwana da haushin wani ba, kuma ya mai da ni mutumin kirki fiye da yadda ya same ni.

Ranar Litinin da magariba ka kawo dambu. Muka ci, na ce gobe juyina ne. Ranar Talata ina wurin aiki Yanis mai burodi, wanda shagonsa yake jikin naka, ya kira ni yana kuka. Ban san yadda na isa asibiti ba. Wata ma'aikaciya ta tare ni da ladabi, ta ce, "Vous êtes de la famille?" Tana tambaya ne ko ni dangi ne. Moutari, ka san abin da na ce? Na ce maƙwabci ne. Shekara goma sha ɗaya ina faɗin kalmar nan har ta saba riga ni fita. Matar ta nuna mini kujera a baranda, ta ce in jira 'yan'uwa su iso. Ƙofa ɗaya ce tsakanina da kai, na zauna ina kallonta har la'asar, lokacin da Hajiya ta sauka daga Lyon. Babu wanda ya hana ni ganinka. Ni na hana kaina, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

An naɗe ka a yadin da ke ƙarƙashin teburinka. A maƙabarta na tsaya a sahu na uku. Daga nan aka wuce gidan Hajiya a Villeurbanne, inda aka kwashe kujerun falo aka shimfiɗa darduma. Mijinta Alhaji Salim yana zaune jikin bango, kusa da shi 'yan'uwanku da suka zo daga Marseille da Bruxelles, waɗansu rabonka da su shekara biyar. Na cire takalmi na bi layi, na durƙusa gaban kowannensu.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin, Allah ya ba da lada."

Wani dattijo ya tambayi ko wane ne ni, aka ce maƙwabcin marigayi ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah sarki, tun daga Paris? Ka yi zumunci." Mutanen kirki ne, babu wanda ya yi mini laifi. Na zauna a bakin ƙofa kusa da takalma, na sha ruwa, na yi sallama. A jirgin komawa na lura cewa mutum tara na ba haƙuri a kan rasuwarka, ni kuwa babu wanda ya ba ni.

Da na shiga gida abin da na fara gani ita ce langa, a kife a gefen famfo inda na bar ta ranar Litinin. Kwana biyu ina kewaye ta. Ba tawa ba ce, ta gidanku ce, kuma ranar da za a kwashe kayanka dole a neme ta. Na yi niyyar in sa ta a leda in kai wa Hajiya, sai na ji muryarka sarai tana tambayata me ka yi mini. Ranar addu'ar bakwai na tashi da asuba na dafa fate, na auna gishiri sau biyu, na zuba, na naɗe ta da tawul na ɗaure da ƙyalle. Awa biyu tana kan cinyata a jirgi, da ɗuminta.

Ban shiga falo ba. Na tsaya a ƙofar kicin na yi sallama, mata suka ba ni hanya, Hajiya ta taso. Na ce, "Hajiya, wani abu ne na marigayi ya rage a wurina." Ta kwance ƙyallen. Da ta ga jajayen furannin nan sai ta nemi kujera ta zauna. Ta shafa wurin da murfin ya ɓantare, ta ɗaga shi, tururi ya taso. Ta ce wa matan su ɗan ba mu wuri.

Ta ce, "Ka san ko ta wa ce?"

Na ce, "Ta Moutari ce."

"Ta Innarmu ce. Cikin kayan ɗakinta take, ni na ɓantare murhin ina yarinya, na sha kashi a kansa. Ranar da Moutari zai bar Damagaram Inna ta sa mishi ita cikin jaka, ta ce ya riƙe, ranar da ya samu mai dahwa mishi abinci da zuciya ɗaya, ya ba da ita."

Na kasa ɗaga kai. Ta ci gaba.

"Shekaru da suka wuce na zo Paris, na duba kicin nashi ban gan ta ba. Na ce, ina langar Inna? Ya ce, Yaya, tana gidanta. Da zan hita ƙofarka tana buɗe, na hango ta bisa teburinka." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ban ce komi ba, Uzairu. Ban san mi zan ce ba, yau ma ban sani ba. Abin da na sani, ƙanena ya zo ƙasar nan a rame, ba ya dariya, daga baya ya yi ƙiba yana tsokanar mutane. Ran Juma'a na gan ka zaune wurin takalma, na kwana ban yi barci ba."

Ta ɗauki cokali ta ɗanɗana faten, ta gyaɗa kai, ta miƙe ta ce in biyo ta. Har tsakiyar falo ta kai ni, gaban maza, ita da ba ta shiga wurin sai da dalili. Ta ce wa mijinta, "Alhaji, a matsa mishi. Nan ne wurinshi." Alhaji Salim ya dube ta, ya dube ni, ya janye ƙafarsa ya matsa. Dattijon nan na ran Juma'a ya ce, "Ba maƙwabcin ba ne?" Ta ce, "Shi ya ciyar da ƙanena shekara goma sha uku." Ba ta ƙara ba, babu kuma wanda ya nemi ƙari.

Na zauna jikin bango. Sai Hajiya Zouera, mai shekara sittin da takwas, mai ciwon baya, ta dafa gwiwa ta durƙusa a gabana.

Ta ce, "Uzairu, ya haƙuri?"

Amsar kalma biyu ce, na sha ba da ita, na sha jin ta. Na buɗe baki ta ƙi fita. Kukan da ban yi a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba, shi ya zo, a gaban mutane, Alhaji Salim yana dafa kafaɗata ta hagu. Bayan haka duk wanda ya shigo sai ya bi layi ya iso kaina ya miƙo hannu. Waɗansu sun ɗauka ɗan'uwa ne daga Najeriya, waɗansu ban san abin da suka ɗauka ba. Na karɓi gaisuwarka har aka shafa fatiha.

Da zan tafi ta biyo ni bakin matakala da ƙunshi a hannu, ɗaure da ƙyallena. Na ji nauyinsa na gane. Na ce, "Hajiya, ai taku ce." Ta ce, "Dambu ne, ba yawa. Ba a maida kwano wayam, ko bai gaya maka ba? Saura kai."

Moutari, ga amsar da ya kamata in ba matar asibiti, na makara amma ga ta: ni naka ne, kai nawa ne. Na yi mamakin samunka, ina mamakin yadda mutum ɗaya ya ɗauki alheri mai yawa haka ya hau da shi hawa biyar kullum bai gaji ba, kuma ina mamakin yadda ko bayan ka tafi ka bar mini hanyar shiga gidanku.

Ya Allah, ga bawanka Moutari ɗan Laouali ya zo gare ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta bayinka da ba su da kowa. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa makwanci, ka sa ya amsa tambaya da sauƙi. Ka haɗa shi da Innarsa da mahaifinsa a Aljanna Firdausi, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zouera da Alhaji Salim da 'yarsu Rékia, ga ƙanwarsa Mero da dukan dangi a unguwar Birni ta Damagaram, ga Madam Kadidiatou da Yanis da mutanen layinmu, da duk wanda yake sanye da rigar da hannunsa ya taɓa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Waɗanda suka yi mini gaisuwa kuma, na karɓa, na gode, Allah ya ba da lada.

Langarka tana wurina, Moutari. Na cinye dambun, bai kai naka ba, amma kada ka gaya wa Yaya. Asabar mai zuwa ita ce ta farkon wata. Na yanki tikitin jirgin safe, na kuma sayo tsaki da yakuwa.